Darasin Kimiyya: Girman Sensa da Zaɓen Lens a Kyamarar Fim

To, kowa ya ajiye wayarsa, ya fiddo takarda da biro da rula. Yau akwai lissafi, amma bai wuce sau da rabawa ba.

Da yawanku nan Ƙofar Dumi kun riga kun saba da kyamara. Wasu na bin masu ɗaukar biki suna riƙe musu fitila, wasu sun fara haɗa gajerun finafinai suna ɗorawa a YouTube. Idan sabuwar kyamara ta shigo unguwa, tambayar da ake yi ba ta wuce biyu ba: megafiksel nawa ce, kuma tana ɗaukar 4K? Da wuya ka ji an tambayi girman sensarta, alhali shi ke yanke hukuncin lens ɗin da za ka saya, da abin da zai shiga hotonka, da yadda hoton zai fita idan haske ya yi ƙaranci.

Sensa wani ɗan faranti ne na silikon da ke zaune a bayan lens. Fuskarta cike take da miliyoyin ɗigo masu karɓar haske, su ne fiksel. Kowane ɗigo yana mayar da hasken da ya sauka a kansa cajin lantarki, kyamara ta auna cajin ta mayar da shi lambobi. Willard Boyle da George Smith ne suka ƙirƙiro nau'in da ake kira CCD a ɗakin binciken Bell da ke Amurka a 1969, kuma sai a 2009 aka ba su kyautar Nobel a kansa. Kusan duk kyamarorin yau da wayoyinku nau'in CMOS suke ɗauke da shi.

Gwaji a zaure

Ku nemi gilashin ƙara girman rubutu, irin na masu gyaran agogo, da farar takarda. Ku shiga zaure da rana, ku tsaya can ciki inda ya fi duhu, takardar na fuskantar ƙofa. Ku sa gilashin tsakanin ƙofar da takardar, ku riƙa matso da shi a hankali. Can za ku ga ƙofar zauren ta bayyana a kan takarda, da mai Keke Napep da ke wucewa, ƙafafu a sama, kai a ƙasa. Kada wanda ya saita gilashin da rana, takardar za ta kama wuta, idonsa kuma ya fi takarda tsada. Dalilin kifewar hoton shi ne haske a miƙe yake tafiya, abin da Ibnul Haisam, mutumin Basra, ya tabbatar da gwajin ɗaki mai duhu a littafinsa Kitabul Manazir, wanda ya rubuta a Alƙahira shekaru dubu da suka wuce.

Ku lura da abu biyu. Hoton da gilashin ya zana ba mai kusurwa huɗu ba ne, fili ne da ke da kyau a tsakiya, yana dusashewa ta gefe. A lens na kyamara wannan filin da'ira ce sosai, ana ce mata da'irar hoto. Na biyu, ku zana akwati mai faɗin milimita 36 da tsayi 24 a tsakiyar takardar, sannan a cikinsa ku zana ƙarami mai 17 da 13. Ku sake saita hoton. Babban akwatin zai iya ɗaukar ƙofa da abin da ke gefenta, ƙaramin kuwa tsakiya kawai ya kama. Gilashin bai canja ba, hoton da ya zana bai canja ba. Abin da aka yanko daga cikinsa ne ya bambanta. Duk darasin yau a kan wannan yake tsaye.

Girma-girman sensa

Zaren fim mai faɗin milimita 35 ya fito daga ɗakin aikin Thomas Edison a shekarun 1890. A kyamarar sinima zaren daga sama yake gangarowa, don haka faɗin kowane hoto bai wuce milimita 22 zuwa 25 ba, sauran wurin na 'yan ramukan gefe ne da layin sauti. Girman da ake kira Super 35, mai faɗin kusan 24.9, daga nan ya samo asali. Oskar Barnack na kamfanin Leitz a Jamus shi ya kwantar da zaren a gicciye don ɗaukar hoton kati, ya samu 36 da 24, kyamarar Leica ta shiga kasuwa da shi a 1925. Wannan ne yau ake kira ful firem. Ke nan girman da samari ke ta zumuɗi a kansa gadon masu hoton kati ne, mafi yawan finafinan ƙarni na 20 a kan ƙaramin aka ɗauke su.

Ku rubuta waɗannan: ful firem, 36 da 24, Super 35, kusan 24.9 da 14 idan hoton mai faɗi ne. APS-C na Canon, irin na 600D da 'yan uwanta, 22.3 da 14.9, Micro Four Thirds na Panasonic, 17.3 da 13. Sai sensar da ake kira sulusin inci, 4.8 da 3.6. Kada sunan inci ya ruɗe ku, tsohon ma'auni ne na bututun kyamarar talabijin, sensar da ake ce wa inci ɗaya ma 13.2 da 8.8 ce kacal. A can sama kuma akwai Alexa 65 ta kamfanin ARRI, mai faɗin milimita 54, wadda haya kawai ake bayar da ita.

Finafinanmu sun bi ta cikin waɗannan duka. Shaihu Umar na Adamu Halilu, wanda aka yi a 1976 daga littafin Abubakar Tafawa Ɓalewa, wanda kabarinsa ke nan cikin garinmu Bauchi, a kan zaren fim aka ɗauke shi. Turmin Danya na ƙungiyar Tumbin Giwa ta Kano, a 1990, na kaset ɗin bidiyo ne. Daga baya aka koma kyamarorin MiniDV irin su Sony PD150 masu sensar sulusin inci. Sai Canon ta fitar da 5D Mark II a 2008, kyamarar hoton kati mai ful firem da ke ɗaukar bidiyo, ƙannenta masu sauƙin kuɗi suka biyo baya, kamannin finafinan Hausa da bidiyon biki suka sauya baki ɗaya.

Faɗin abin da kyamara ke gani

Lambar da aka rubuta a jikin lens, 24 ko 50 ko 85, ita ce tazarar da yake tara hasken abu mai nisa a bayansa, a ma'aunin milimita. Halittar gilashin ce, ba ta canjawa ko a wace kyamara aka ɗaura shi. Ga ƙa'idar da nake so ku haddace: ka ɗauki nisan da ke tsakaninka da abin da kake ɗauka, ka yi sau da faɗin sensa, ka raba da lambar lens. Abin da ya fita shi ne faɗin wurin da zai shiga hoto.

Mu shiga ɗakin amarya a ɗaya daga lungunan unguwar nan, ɗaki mai ƙafa 12 kowane gefe. Ga gado, ga kabad ɗin jere, ga ƙawaye. Ko ka manna bayanka da bango, da ƙyar ka samu mita 3 tsakaninka da amarya. A hannunka akwai lens 50. A ful firem, 3 sau 36 a raba da 50, mita 2.16 ke nan: amarya da ƙawaye biyu ko uku sun shiga. A kyamarar Canon mai 22.3, mita 1.34: amarya da ƙawa ɗaya, ita ma an ɗan yanke mata kafaɗa. A Micro Four Thirds, mita 1.04: amarya ita kaɗai. Uwar biki kuwa cewa ta yi kowa ya fito a hoton, kuma bango ba ya matsawa.

To, ƙa'idar za ta fitar da kai. Idan lambar lens ta yi daidai da faɗin sensa, faɗin da za ka gani daidai yake da nisan da ka tsaya. Don ka kama mita 3 daga nisan mita 3, mai ful firem zai ɗaura 35, mai Canon ɗin nan zai nemi 22 ko abin da ya yi kusa, mai Panasonic kuma 17. Shi ya sa lens ɗin da ke zuwa da ƙananan Canon daga 18 yake farawa.

Abin da kuke ji ana kira lambar yanka, 1.5 ko 1.6 ko 2, gajeriyar hanya ce ta wannan lissafin. Lens 50 a kyamara mai lamba 2 yana ganin abin da lens 100 ke gani a ful firem. Bai zama 100 ba, yanka kawai aka yi. Kuma yankan nan ba kullum yake zama asara ba. Wanda ya je Yankari yana son giwa ko gwanki daga nesa, lens 300 a Micro Four Thirds zai cika masa hoto kamar 600 a ful firem, kuma zai iya riƙe shi a hannu cikin mota, alhali mai 600 sai da ƙafar kyamara da aljihu mai nauyi.

Sai batun da'irar hoto, inda kuɗin mutane ke yawan salwanta. Dole da'irar ta rufe sensa daga kusurwa zuwa kusurwa. Ful firem na buƙatar milimita 43, APS-C kusan 27 zuwa 28, Micro Four Thirds kusan 22. Lens ɗin babbar sensa zai yi aiki a ƙarama lafiya lau. Na ƙarama idan aka ɗaura shi a babba, kusurwoyin hoto baƙi za su fito, ko kyamara ta yanke da kanta ta bar ka da rabin sensar da ka biya kuɗinta. Na Canon masu alamar EF-S ba sa ma shiga bakin ful firem ɗinta na EF. Saboda haka mai lens uku na ƙaramar kyamara, idan zai koma ful firem, ba kuɗin kyamara kaɗai zai tanada ba. Akwai kuma adafta mai gilashi a ciki, irin Speed Booster da Metabones ta fitar a 2013, wadda ke matse babbar da'ira ta zauna kan ƙaramar sensa: lambar lens ta ragu zuwa kashi 71 cikin 100, haske kuma ya ninka.

Zurfin fokas

Nan ne samari suka fi so, don nan ne baya ke narkewa, fuskar jaruma ta fito ita kaɗai. A cikin lens akwai ƙofar haske mai buɗewa da tsukewa. Lambar f, kamar f/2.8, tana nufin a raba lambar lens da 2.8 a samu faɗin ƙofar. Lens 50 a f/2.8 ƙofarsa kusan milimita 18 ce, lens 25 a f/2.8 kuwa kusan 9. Gwargwadon faɗin ƙofar nan, gwargwadon yadda abin da ba a kan fokas yake ba zai watse ya yi dishi-dishi.

Yanzu ku haɗa da lissafin faɗin hoto da muka yi a baya. Don su kama hoto iri ɗaya daga wuri ɗaya, mai ful firem ya sa 50, mai Micro Four Thirds ya sa 25. Dukansu suna f/2.8, a nisan mita 3. Na farko zai samu kusan santimita 60 na wurin da ya fito tar, na biyu kusan santimita 125. Ba sensar ce ta narkar da baya ba. Ta tilasta maka dogon lens ne, dogon lens kuma ƙofarsa ta fi faɗi. A tsohuwar kyamarar sulusin inci, hoton nan lens mai kusan milimita 7 ke ɗaukarsa, ƙofarsa ba ta kai milimita 3 ba. Shi ya sa a finafinan kaset na da za ka ga jarumi tar, labule tar, kalandar bango ma har ka karanta kwanan wata.

Ra'ayina a nan shi ne an wuce gona da iri. Lens 85 a f/1.4 a ful firem, daga nisan mita 2, abin da ke kan fokas bai kai santimita 5 ba. Ido ya fito, kunne ya ɓace. Ango ya ɗan sunkuya ya gaisa da wani, ya fita daga fokas. An kashe kuɗi an ƙawata wurin kamu, amma a bidiyon babu abin da ake gani sai gajimaren launi. Manyan kamfanonin fim suna da mutum guda wanda aikinsa kawai juya fokas, kai kuwa kai ne mai ɗauka, kai ne mai fokas, kai ne mai sauraron sauti. Ranar hawan sallah, lokacin da dawakai suka taho a sukwane wajen jafi a ƙofar fada, zurfin fokas ɗin ƙaramar sensa rahama ce. Citizen Kane na 1941, wanda ake koyar da shi a makarantun fim har gobe, ya yi suna ne da sanya gaba da baya duka su fito tar.

Wani kuskure da ake yawan maimaitawa: wai babbar sensa na gyara siffar fuska. Nisan da ka tsaya ne ke yin wannan. Ka matso kusa sosai, hanci zai yi girma ko da wace kyamara ce, ka ja baya, fuska ta daidaita.

Yawan haske da tsabtar hoto

Ku tuna tarar ruwan sama da damina. Wata ta ajiye daro, wata ta ajiye kofi. Ruwa ɗaya ke sauka musu, zurfin abin da ya taru ma ɗaya ne, amma daro ya fi tara yawa. Lambar f ita ce ƙarfin ruwan, don haka f/2.8 haske ɗaya take bai wa hoto a kowace kyamara. Faɗin sensa shi ne bakin mazubi. Ful firem murabba'in milimita 864 ce, Canon APS-C 332, Micro Four Thirds 225, sulusin inci kuwa 17, wato ful firem ta ninka ta sau 50.

Idan ana ruwa kamar da bakin ƙwarya, kowa zai samu abin da ya ishe shi. Sai an koma yayyafi bambancin ke fitowa: kofi biyu a jere, wannan ya samu ɗigo 8, wancan 13. Haske ma ƙwaya-ƙwaya yake sauka, ana ce musu foton, kuma saɓanin da ake samu tsakanin fiksel da maƙwabcinsa yana bin tushen murabba'in adadin da aka tara. Fiksel ɗin da ya tara 100 saɓaninsa kusan 10 ne, kashi 10 cikin 100. Wanda ya tara 10,000 saɓaninsa kusan 100 ne, kashi 1 cikin 100. Wannan saɓanin shi ne yashi-yashin da kuke gani yana rawa a bidiyon dina idan an ɗauke wuta aka koma kan fitila biyu. Ƙara ISO ba ya ƙaro foton ko ɗaya, yana ƙara wa abin da aka tara ƙarfi ne tare da yashinsa.

Nan za ku gane dalilin da megafiksel ba ta cika amsa tambaya ba. Hoton 4K fiksel 3840 ne sau 2160, miliyan 8.3 kacal. Sony FX3 ta 2021, ful firem ce amma megafiksel 12 gare ta, kowane fiksel ya haura maikuron 8, da ita aka ɗauki fim ɗin The Creator na 2023. Wayar da aka rubuta wa megafiksel 108 fiksel ɗinta bai wuce maikuron 0.8 ba, bakin na FX3 ya ninka shi fiye da sau 100. Wayar na rufe giɓin ne da haɗa fiksel da yawa wuri guda da kuma kwalliyar kwamfuta. Alexa ta farko, ta 2010, Super 35 ce, faɗin hotonta fiksel 2880, ba ta kai 4K ba, amma da ita aka ɗauki Life of Pi da Gravity, dukansu suka ci kyautar Oscar ta ɗaukar hoto.

Abin da ya fifita Alexa shi ne tazarar haske da duhu da take iya riƙewa a hoto guda. Ana auna ta da mataki, kowane mataki ninki biyu ne na haske. Wannan mu ya fi shafa. Ku kalli dattijo baƙin mutum cikin farar shadda da rawani, tsaye a filin Idi da hantsi. Idan ka buɗe don fuskarsa, aikin rigar ya ƙone ya zama fari fat. Idan ka tsuke don rigar, fuska ta nutse. Fiksel mai faɗi yakan ɗauki caji da yawa kafin ya cika, don haka yakan taimaka, amma girma ba shi kaɗai ke aiki ba. Alexa LF ta 2018, mai girman ful firem, mataki 14 da ɗoriya kamfanin ya ce tana riƙewa, Alexa 35 ta 2022, wadda ta koma Super 35, 17. Ƙaramar ta fi babbar saboda ƙirarta sabuwa ce. Kafin ka kai ga irin waɗannan, farin kwali ko allon azurfa da yaro zai riƙe ya mayar da haske kan fuskar dattijon zai yi maka aikin da canja kyamara ba zai yi ba.

Ranar Bauchi da ƙurar hunturu

Babbar sensa da daddare take cin kasuwarta, da rana kuwa sai ta zame maka aiki. Muna ɗaukar hoto 25 a daƙiƙa, kowanne a buɗe na kashi 1 cikin 50 na daƙiƙa, don ya dace da wutar lantarkinmu. Kyamarorin sinima da yawa a ISO 800 suka fi sakewa. Da tsakar ranar watan Maris, wannan lissafin zai nemi ka tsuke ƙofa har kusan f/64, lambar da lens ɗinka ba shi da ita. Ko a f/22 ma hoto kan rasa kaifi, domin haske na bazuwa idan ya ratsa ƙaramar kafa, kuma ƙananan fiksel sun fi saurin nuna hakan. Idan f/2.8 kake so, sai ka rage mataki 9 da baƙin gilashin da ake kira ND. Wanda ya sayi ful firem bai sayi ND ba, bai gama sayayya ba.

Da hunturu kuma, duk lokacin da ka cire lens a fili, ƙura na sauka a kan sensa. A f/2.8 ba za ka gan ta ba, sai ka tsuke zuwa f/16 ka ɗauki sararin sama, ɗigo-ɗigo su bayyana a wuri ɗaya a kowane hoto. Ku canja lens a cikin ɗaki ko mota, kyamara a kashe, bakinta na kallon ƙasa. A hure da 'yar robar iska, ba da baki ba, kuma kada a goge da bakin riga.

Aikin gida

Na ɗaya: amarya da ƙawayenta sun cika tabarma mai faɗin mita 2.5, kana nisan mita 3, kyamararka mai sensa 22.3 ce, a jakarka akwai lens 24 da 35 da 50. Wanne za ka ɗaura, kuma nawa ne zai rage a gefe? Na biyu: giwa na nisan mita 60, kana son faɗin hotonka ya zama mita 6. Fitar da lambar lens a ful firem, sannan a Micro Four Thirds. Na uku: kowa ya nemo sunan kyamarar maigidansa ko ta wayarsa, ya binciko faɗin sensarta a milimita, ya tsaya mita 3 daga bangon gidansu, ya sa alli a iyakar abin da ya shiga hoto hagu da dama, ya auna da tef. Ku zo da abin da kuka auna da abin da lissafi ya ba ku. Waɗanda nasu bai zo ɗaya ba, su duba ko kyamarar na ƙara yanke hoto idan an koma bidiyo, don da yawa suna yin haka a 4K.